Karen Kangal na Turkiyya: zai iya gadin tumaki a gonata?

Mai Turka, Bauchi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da gona a wajen garin Bauchi inda nake kiwon tumaki, yawancinsu Balami da 'Yankasa, tare da ragunan da nake turkewa domin kasuwar babbar salla. Damuwata ta dare ce. Karnukan da ba su da mai su sukan shigo a tare su far wa ƙananan tumaki, wani lokaci kuma a wayi gari a tarar an ɗaga waya an zare rago, alhali yaron da ke kwana a gonar bai ji motsin komai ba. Maƙwabtana na gona sun ce da damina suna jin kukan kura ta wajen duwatsu, kodayake ni ba ta taɓa yi mini ɓarna ba.

Wani mai sayar da karnuka ya yi mini tallar kwikwiyo da ya ce Kangal ne tsantsa, kuɗin da ya yanka kuwa zai sayi manyan raguna da dama. Ya turo mini hotunan bidiyo na wasu ƙattin karnuka da suke miƙewa tsaye su fi mutum tsawo, ya ce babu kare a duniya da ya kai wannan ƙarfin cizo. Kafin in fitar da kuɗina ina neman bayani daga waɗanda suka san shi da gaske. Mene ne asalinsa, kuma yaya halinsa yake da dabbobi da mutane? Zai jure zafin bazara irin namu? Me yake ci, kuma wace kulawa yake buƙata? Iyalina da yara suna zuwa gonar a ƙarshen mako, ma'aikata kuma sukan canza, don haka ba na son in kawo abin da zai zame mini fitina. Idan akwai malami a cikinmu, ina son jin matsayin addini a kan saye da ajiye irin wannan kare. Allah ya saka da alheri.

Ɗalibi a Sivas:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ina karatu a lardin da karen ya fito, kuma na sha ganin sa a bakin aiki tare da makiyaya, saboda haka bari in faɗi abin da ya shafi asali da hali, in bar wa likitoci batun lafiya.

Kangal sunan wani ƙaramin gari ne a lardin Sivas da ke tsakiyar yankin Anatoliya na Turkiyya, ƙasa da kilomita 100 kudu maso gabashin birnin Sivas. Ƙasa ce mai tudu, kusan mita 1,500 sama da teku, fili fetal babu itatuwa sosai, da hunturu dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, da rani kuma rana ta buɗe amma dare ya yi sanyi. Sana'ar mutanen wurin tun kaka da kakanni ita ce kiwon tumakin Akkaraman, farare masu baƙin baki, babban abokin gabarsu kuwa shi ne kerkeci. Masana da yawa suna ganin kakannin karen sun iso ne tare da Turkawa makiyaya da suka kwararo daga tsakiyar Asiya, musamman bayan yaƙin Malazgirt na 1071. Abin da ya kamata ka riƙe daga wannan tarihi shi ne cewa makiyaya ne suka tace shi ɗaruruwan shekaru a kan aiki guda: wanda ya tsaya wa garke aka bar shi ya hayayyafa, wanda ya taɓa tunkiya ko ya gudu ya bar ta aka kawar da shi.

Siffarsa ba ta da wuyar ganewa. Jikinsa launin ƙasa-ƙasa ne, daga mai haske zuwa mai ɗan toka, fuskarsa da kunnuwansa baƙaƙe, gashinsa gajere ne amma ninki biyu, jelarsa kuma takan naɗe a kan bayansa idan ya ji motsi. Daga nesa, cikin tumaki masu baƙin baki, da ƙyar za ka rarrabe shi. Bisa ma'aunin FCI, ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai rajistar nau'o'in karnuka, wadda ta amince da shi da sunan Kangal a 2018 bayan shekaru tana haɗa shi a ƙarƙashin sunan karen makiyayan Anatoliya, namiji yakan kai santimita 72 zuwa 78 a kafaɗa da nauyin kilo 48 zuwa 60, karya kuma santimita 65 zuwa 73 da kilo 40 zuwa 50. Ka lura da waɗannan alƙaluma da kyau, domin kare ne dogo mai sauƙin jiki wanda zai iya bin kerkeci da gudu. Waɗannan ƙattin masu rataye da leɓɓa da ake yawo da hotunansu a waya, da yawansu Malakli ne na yankin Aksaray, ko kuma gauraye da aka haɗa domin girma da faɗan karnuka, kuma ba su ne makiyayi ke nema ba. Lambobin ƙarfin cizo da 'yan talla ke ambatawa ma ba su da wata madogara mai ƙwari, kuma ko da suna da ita, ba da cizo yake yin mafi yawan aikinsa ba.

Yadda yake aiki shi ne abin da mutane suka fi kuskuren fahimta. Kangal ba ya kora tumaki, ba ya tattaro su, ba ya jiran umarni. Da rana za ka gan shi kwance a kan tudu kamar malalaci, idonsa a kan garke. Da yamma ta yi sai ya tashi ya kewaye wurin yana barin alamar fitsari, ya kwana yana sintiri. Idan ya ji baƙon motsi yakan fara da haushi mai kauri, sannan ya shiga tsakanin garke da abin da ke zuwa, ya miƙe jela ya tsaya. Mafi yawan mafarauta a nan suke juyawa, domin naman daji ba ya son raunin da zai hana shi farauta gobe. Sai wanda ya nace ne yake kai wa hari, ya banke shi da ƙirji ya kayar. Saboda irin wannan rana ce makiyaya ke sa masa abin wuya na ƙarfe mai tsini, da yawansu kuma suna yanke masa kunnuwa tun yana ƙarami, al'adar da ƙasashen Turai da dama suka haramta. Ba kasafai ake barin ɗaya shi kaɗai ba. Biyu ko uku ake haɗawa, wani ya bi abokin gaba wani ya tsaya da tumaki.

Game da mutane, kare ne mai natsuwa, mai haƙuri da yaran gidansu, marar son hayaniya, amma ba ya sakin jiki da baƙo. Kuma tun da an tace shi ne domin ya yanke hukunci shi kaɗai cikin dare lokacin da makiyayi ke barci, biyayyarsa ba irin ta karen 'yan sanda ba ce. Za ka kira shi ya dube ka, ya auna ko kiran ya fi abin da yake tsaro muhimmanci, sannan ya zo ko ya ƙi. Duka ba ya gyara wannan, sai dai ya mai da shi matsoraci ko mugu. Wannan hali da girman jikinsa ne suka sa Denmak ta saka shi cikin nau'o'in karnuka 13 da ta haramta a 2010. Ni a ganina laifin na masu kulle karen fili ne a cikin gidan birni, amma dai ya nuna maka cewa ba abin wasa ba ne.

Abu na ƙarshe, Turkawa suna ɗaukar sa a matsayin dukiyar ƙasa, akwai cibiyoyin gwamnati da ke kiwonsa a lardin Sivas, kuma an tsaurara fitar da shi waje. Saboda haka duk wanda ya ce maka kwikwiyonsa tsantsa ne, ka nemi ganin uwa da uba da idonka, ka kuma tambayi ta inda suka shigo Najeriya. Kwikwiyo mai baƙin baki da launin ƙasa ba shi da wuyar samu.

Likitar Dabbobi, Zariya:

Ɗan'uwanmu na Sivas ya yi bayani mai kyau, Allah ya ba da sa'ar karatu. Alhaji, ni zan fara da abin da nake ganin shi ne zai yanke maka hukunci, wato reno, domin kuɗinka jini kawai zai saya maka, mai gadi kuwa kai ne za ka gina shi.

Bayan da Amurka ta hana amfani da wasu nau'o'in guba wajen kashe namun dajin da ke cin tumaki a 1972, masu kiwo sun koma neman wata hanya. A ƙarshen shekarun 1970 Raymond da Lorna Coppinger na kwalejin Hampshire suka shigo da karnukan gadin garke daga Turkiyya da Italiya da Yugoslabiya suka rarraba wa manoma suna bibiyar aikinsu. Sun taƙaita nagartaccen kare a halaye uku: ya zama amintacce da ba ya cutar da dabbobin, ya zama mai manne musu da ba ya tafiya ya bar su, sannan ya zama mai kare su. Na uku yakan zo da kansa idan kare ya girma. Na farko da na biyu su ne ake ginawa, kuma lokacinsu gajere ne, daga kusan mako 8 zuwa mako 16 da haihuwa. Abin da kwikwiyo ya kwana da shi ya tashi da shi a wannan tsakani, shi zai ɗauka danginsa har ya mutu. Idan ka kai shi gida cikin gari yara suna wasa da shi har ya yi wata shida, sannan ka mayar da shi gona, to ka samu karen da zai zauna a bakin ƙofa yana jiran motarka, tumaki kuma su ji da kansu.

Don haka ranar da ya iso a shigar da shi garke, a keɓe masa ɗan lungu da zai iya shiga ya tsira idan tunkiya ta kai masa karo, inda kuma abincinsa zai kasance ba tare da tumaki sun cinye ba. A haɗa shi da tumaki masu sanyin hali. Kada a bar shi da raguna masu faɗa tun yana ƙarami, kada kuma a bar shi shi kaɗai da sababbin haihuwa. Daga wajen wata shida zuwa shekara ɗaya da rabi zai shiga ƙuruciya, ya riƙa bin 'yan tumaki da gudu yana tauna musu kunne da sunan wasa. Dole a samu mutum a kusa da zai tsawata masa nan take, in ya ƙi ji a raba su na ɗan lokaci. A wannan mataki ne mafi yawan mutane ke karaya. Ba ya zama cikakken mai gadin da za a juya wa baya sai ya doshi shekara biyu, saboda haka idan ragunan sallar bana kake son ya tsare, ba a fafe gora ranar tafiya.

A kan zafi, akwai misali daga nahiyarmu. Ƙungiyar Cheetah Conservation Fund da Dokta Laurie Marker ta kafa a Namibiya ta fara raba wa makiyaya karnukan Anatoliya da Kangal a 1994, domin su daina harbe cita, dabbar nan mai kama da damisa da ta fi kowace dabba gudu. Suna renon 'yan kwikwiyon cikin awaki a cibiyarsu da ke kusa da Otjiwarongo, sun raba ɗaruruwa, kuma bisa rahotonsu masu kiwo da suka karɓa sun ga asararsu ta ragu da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Wannan ya nuna busasshen zafi ba ya hana shi aiki. Sai dai yankin nasu ma tudu ne mai sanyin dare, alhali a Bauchi watan Maris da Afrilu zafi yakan kai digiri 40. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. A tanadar masa inuwa ta gaske da ƙasa mai sanyi da zai tona ya kwanta, da ruwan sha da ba ya yankewa, kada a fita da shi kiwo mai nisa da tsakar rana, kada kuma a aske shi, domin gashin yana kare fatarsa daga rana. Taje shi ya isa, musamman lokacin da yake zubar da gashin ciki.

Abin da ya fi zafi kashe irin waɗannan karnuka a wurinmu shi ne cuta. Kaska tana ɗauke da cututtukan jini da ke sa zazzaɓi, kasala, fari a dasashi, wani lokaci da haɓo, karen da ke kwana cikin tumaki kuwa kullum yana tare da kaska. A inda ake da ƙudan tsando, sammore yana kama kare, kuma yakan fi tsanani ga karnukan da aka kawo daga waje. A nan ina roƙon ka gargaɗi yaranka da babbar murya: kada su yi wa kare allurar sammore ta shanu da ka, domin ɗan ƙari kaɗan a kan ƙa'ida yana taɓa masa ƙwaƙwalwa ya kashe shi. Haka ma ruwan wankan kaska na shanu, haka ma magungunan ciwon jiki na mutane. Komai ya bi ta hannun likita. Rigakafin parvo, cutar amai da zawo ta 'yan kwikwiyo, da sauran cututtukan ƙuruciya ana fara shi daga mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 zuwa 4 har ya kai mako 16. Allurar haukan kare kuma a wata uku, sannan duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos tana cikin masu samar da ita. Karen da aikinsa shi ne karo da karnukan sake ba a yi masa sakaci da wannan allura, saboda lafiyar yaranka ta rataya a kanta.

Akwai kuma wani abu da ya shafi tumakin kai tsaye. Wasu tsutsotsin ciki suna zagayawa tsakanin kare da tunkiya: kare ya ci ɗanyen kai ko kayan cikin tunkiya mai ɗauke da su, ya yi kashi a ciyawa, tunkiya ta ci. Ɗaya daga cikinsu yana yin ƙullin ruwa a ƙwaƙwalwar tunkiya har ka ga tana kewaya wuri ɗaya, wani kuma yana yin ƙulli a hanta da huhu, na dabba da na mutum. Maganinsa shi ne kada a jefa wa kare mushe ko ɗanyen kayan ciki, a dafa, kuma a riƙa ba shi maganin tsutsa mai praziquantel a kai a kai.

Batun abinci, makiyayan Turkiyya suna ba shi wani dame na garin sha'ir da ruwa ko tsala da suke kira yal, kusan kamar kununmu mai kauri. Babban kare zai rayu a kan irin wannan idan ana ƙara masa nama, ƙwai ko kifi, amma hatsi zalla ba ya gina kwikwiyon da zai kai kilo 50. Idan busasshen abincin buhu za ka saya, babba zai ci giram 600 zuwa 800 a rana, wato buhu mai kilo 15 zai ƙare cikin kwana 19 zuwa 25, sai ka yi lissafinka a kan shekara 10 ko fiye da zai rayu. Ragowar abincin gida yana da haɗari saboda albasar da ke cikin miya tana lalata jinin kare, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya huda hanji. A raba abincin sau biyu, safe da yamma, kada a bar shi ya yi gudu da cikakken ciki, domin karnuka masu zurfin ƙirji cikinsu yakan kumbura ya murɗe, abin da ke kisa cikin sa'o'i. Kwikwiyo kuma kada a yi masa turka irin ta rago don a ga ya yi saurin girma, kada a ƙara masa sinadarin ƙashi ba bisa shawara ba. Nauyi da wuri shi ke fito da lalurar gaɓar ƙugu, wadda dama ana gadonta, shi ya sa ganin tafiyar uwa da uba yake da muhimmanci.

Baba na Tawa:

Gaisuwa ga kowa. Likita, kin yi magana ta ilimi, amma ni da na karanta jerin abin da wannan kare ke buƙata sai na ga kamar Alhaji zai ɗauko wa kansa wani kiwon ne a kan kiwo.

A arewacin Tawa, wajen Abalak da Cintabaraden, Buzaye da Fulani suna da karensu na kwarin Azawak, siriri mai dogayen ƙafafu, wanda nauyinsa bai wuce kilo 15 zuwa 25 ba. Turawa sun kai shi ƙasashensu tun shekarun 1970 suna alfahari da shi a matsayin karen tsere, amma a wurin masu shi aikinsa na farko gadin zango ne da dabbobi, farautar zomo da barewa ta biyo baya. Ba ya yarda da baƙo ko kaɗan, rana ba ta dame shi ba, abincinsa kuma abin da mutanen zango suka ci ne, gero da nono. Ko karnukan rugar Fulani na wajenku, idan an tashe su cikin dabbobi tun suna jarirai kamar yadda Likita ta bayyana, uku ko huɗu daga cikinsu za su tashi mai barci, su kuma hana karnukan sake sukuni. Na yarda ba za su tsaya wa kura gaba da gaba kamar Kangal ba, amma Alhaji da bakinsa ya ce kura ba ta taɓa shi ba.

Sannan a faɗi gaskiya a kan ɓarawo. Wanda ke ɗaga waya ya zare rago ɗaya, sau da yawa ya san gonar, ya san lokacin da yaro ke barci, wataƙila ma karen zai san shi. Wanda ya zo da shiri kuwa nama mai guba yake jefawa tun da yamma, wanda ya zo da bindiga kuma babu karen da zai tare shi, ko daga ina aka kawo shi. Kare mai tsada shi kansa abin sata ne. Ɗana, ka gyara shinge, ka sa fitila mai aiki da hasken rana, ka duba amanar masu kwana a gonar, sannan ka yi maganar kare.

Malam Mai Almajirai, Katsina:

Alhaji, ajiye kare domin tsaron dabbobi halal ne da nassi. Hadisan da Bukhari da Muslim suka ruwaito a kan raguwar ladan mai ajiye kare a kowace rana sun togace karen kiwo da na farauta, a wata ruwayar da na gona, naka kuwa ya shiga ciki kai tsaye. A mazhabar Imamu Malik kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a ciki kuma bin umarni ne. Malamanmu suna kawo labarin Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala, cewa ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi yana jin tsoro, da aka ce masa Malik ya karhanta haka sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. A kan ciniki akwai hani a kan kuɗin kare, kuma malaman mazhaba sun yi saɓani game da wanda aka yi izinin ajiyewa. Sahnun yana cikin waɗanda suka halatta sayar da shi. Ka zauna da malamin da ka amince da shi a kan wannan gaɓa.

Abin da nake so in ja hankalinka a kai shi ne haƙƙi, ta fuska biyu. Dabbar da ka tsare, ci da shanta da inuwarta suna wuyanka. Maƙwabci da mai wucewa kuma suna da haƙƙin kada karenka ya firgita su ko ya cije su a kan hanyar da suka saba bi, kuma idan ka san yana cizo ka bar shi sake, abin da ya lalata kai za ka biya.

Mai Turka, Bauchi:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Baba, maganarka ta shiga, zan fara da shinge da fitila. Amma tun da ina da niyyar faɗaɗa garken zuwa wajen duwatsun nan, ban fid da rai da Kangal ba. Likita, saura abu ɗaya: akwai hanyar ƙauye da ta bi ta gefen gonar, mata da yara suna wucewa ɗiban ruwa. Idan na ɗaure shi da sarƙa da rana na sake shi da dare, ya wadatar? Yarana da sababbin ma'aikata kuma yaya zan yi da su, tun da kin ce kada a saba masa da mutane?

Likitar Dabbobi, Zariya:

Alhaji, ban ce kada ya san mutane ba, cewa na yi kada gida ya zama mazauninsa. Karen da ba a taɓa shafa shi ba, ba za a iya yi masa allura ko cire masa kaska ba, kuma shi ne mafi haɗari. Tun yana ƙarami a riƙa kama shi kullum na 'yan mintoci a cikin garken, a duba kunnensa da bakinsa da tafin ƙafarsa, a koya masa tafiya da igiya, ya san sunansa, ya san kalmar hani guda ɗaya da kowa zai riƙa amfani da ita. Yaranka su je su gaishe shi a can cikin tumaki tare da babba, ban da kokawa da guje-guje, ban da zuwa kusa da shi yana cin abinci. Ka kula musamman ranar da suka zo da abokansu, domin yana iya ɗaukar wasan kokawar yara a matsayin hari ga ɗan gidansu, kuma ko bankewa kawai ya yi, kilo 50 ne ya faɗa wa yaro. Sabon ma'aikaci kuma kai ko tsohon yaron gonar ne zai gabatar da shi da rana, mai gabatarwar yana riƙe da igiyar karen, a maimaita haka kwanaki, sannan a bar shi ya riƙa kai masa abinci kafin a yarda ya shiga garke shi kaɗai da dare.

Sarƙa kuwa ban ba ka shawararta ba. Karen da ke wuni a ɗaure yana kallon masu wucewa ba ya iya isa gare su, ba ya kuma iya kauce musu, zafin rai yake tarawa, ranar da sarƙar ta tsinke kuwa mai tulu a ka zai fara tarar wa. Ɗaurin yana kuma raba shi da tumakin da ake son ya manne musu. Abin da ya dace shi ne shinge mai tsayin kusan mita 2 a ɓangaren hanyar, a binne gindinsa cikin ƙasa ko a zuba kankare saboda yana tono, in da hali a toshe ƙasan da kwano ko zana yadda ba zai riƙa ganin masu wucewa ba. Da rana ya zauna sake a cikin wannan shinge tare da dabbobin. Kangal yakan faɗaɗa yankin da yake ɗauka nasa idan bai ga iyaka ba, don haka ka riƙa zagaya iyakar gonar da shi a igiya tun yana ƙarami, ka kuma sanar da mai unguwar ƙauyen kafin karen ya iso, saboda haushin dare da kuma yaran da za su so tsokanarsa da jifa. Idan ba kiwon karnukan za ka yi ba, a yi wa karya aikin hana haihuwa bayan ta gama girma, domin lokacin da take neman namiji ita ce za ta jawo maka karnukan saken da kake gudu har bakin garke.